Tela da Bayan Haƙoransa

Yayana tela ne, almakashinsa uku, amma ban taɓa ganin ya yanke zare da ko ɗaya ba. Da haƙori yake yi. Ni ke saka maɓallai a shagonsa, don haka na san halinsa ciki da bai.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ko rigar wa aka kawo gyara, sai ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da yatsa, ya taɓe baki ya ce, "Aikin ganin ido." Babu telan da ya tsira daga bakinsa a layinmu. Bakin nan kuwa shi ne abin da ya fi ɓoyewa a duniya, don haƙoransa na gaba sun hau juna kamar fasinjoji a motar haya. Shekara arba'in da biyar yana dariya da tafin hannu a baki.

'Yarsa ta fari ce ta jawo maganar. Saura shekara biyu ta gama karatu, ta ce, "Baba, ba na son komai ranar nan, sai hoto ɗaya da kai kana murmushi." Mutumin da ko ciwon kai bai yarda yana yi ba, sai ga shi ya dawo daga wurin likitar haƙori baki cike da wayar daidaita haƙora.

Likitar ta haɗa shi da ɗan siririn buroshi mai shiga tsakanin ƙarafa, da zaren sakace, ta ce ya goge bayan kowane cin abinci, ya kuma daina cizon zare. Yaya ya zuba kayan a gwangwanin maɓallaina. Wai shi za a koya wa zare? Da safe ya kan goge gaban haƙoran sau uku, ya duba madubin gwajin kaya, ya ga suna walƙiya, shi ke nan an gama tsafta. Cikin wata biyar dasashinsa ya kumbura, yana jini. Masu zuwa awo suka fara kau da kai idan ya sunkuyo da tef. Ya ce zafin gari ne.

Ni na raka shi asibiti, don kada a ba ni labari. Likitar ta sa ɗan hantsaki ta zaro koren zare daga bayan waya, ta ajiye a faranti. Ta zaro ja. Na gane shi, na siket ɗin matar mai kantin magani ne.

Sai ta miƙa masa madubi, ta sa ƙarami a cikin bakinsa.

"Malam, dubi gaba. Tas, ko? To dubi baya."

Ya duba. Ni ma na leƙa, na yi da-na-sani.

Ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Yaya, aikin ganin ido."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ba ka wata ɗaya. In na sake ganin haka zan cire wayar, haƙoran su tsaya inda suka tsaya. Gara karkatattu da ruɓaɓɓu."

Muka koma shago. Ya zazzage gwangwanina, ya tsince kayansa. Ashe wanda ya shekara talatin yana zura zare a allura ba ya shan wahalar zura shi ƙarƙashin waya. Haƙori ɗaya bayan ɗaya yake bi, gaba da baya, minti goma, ko da mai kaya na tsaye yana jira. Ya rataya ƙaramin almakashi a wuya. Har ya fara yi mini wa'azin goge baki, tuban muzuru ma ya fi wannan sauƙin zama da shi.

Sai dai sakacin farko ya sa an ɗaga cire wayar da wata huɗu. Ranar bikin gama karatun ta zo, wayar na nan daram. Mai hoto ya ɗaga kyamara, na ga hannun Yaya ya taso zuwa baki kamar kullum. Yarinyar ta kama hannun ta riƙe.

Ya buɗe baki, ƙarfe da komai. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Hoton na rataye a saman keken ɗinkinsa. Ya rufe ido a ciki, amma ba wanda ya taɓa lura.