Mutumin da Ya Tsallake Dogon Zongo

A Zongo ana cewa Mahamoud ya sayar da ɗan unguwa. Na ji a teburin mai shayi, na ji a gidan suna, na ji har a bakin wata ƙawata da ba ta taɓa ganin ƙwallon kwando ba, wadda ke tsammanin kwandon tumatir ake jifa. Wai ranar da Allah ya ba ƙungiyarmu, Shahon Zongo, damar ɗaukar Abdoul-Wahab, dogon yaron nan ɗan Shafa'atu mai wagashi, cukun nan da ake soyawa, sai Mahamoud ya kau da kai ya bar wa ƙungiyar masu hali ta unguwar Cadjèhoun shi, su kuma suka shafa masa hannu. In na ce wa ya gani, sai a ce, "Haba Madam, ruwa ba ya tsami banza." Ni kuwa na daɗe ina riƙe da lakwal ina koyar da yara, na sha ganin ruwan da aka jiƙa wa tsamiya da gangan. To, da na ji Mahamoud zai ajiye aiki a ƙarshen watan nan, sai na ce ba zai tafi da wannan ƙulli a bayansa ba sai na kwance na ga abin da ke ciki. In ya ci amana in faɗa, in bai ci ba in faɗa.

Ga wanda bai san shi ba, Mahamoud ba koci ba ne. Ba ya tsayawa bakin fili yana ihu, hotonsa ba ya fita in an ci wasa. Aikinsa zaɓen 'yan wasa: wa zai zauna, wa zai tafi, wa za a kawo. Ranar da aka rufe gasa kowa ya tafi hutu, ranar shi yake ɗaura ɗamara. In ya fito daga masallaci da asuba sai ya biya ta filin ƙungiya, wani fili na siminti mai tsage-tsage a bayan shagunan masu taya. Ya share ruwan da ya kwanta in an yi sama, ya girgiza ƙarfen kwandon ya ji ko ya yi sako-sako, sannan ya tsayar da zemijan, wato ɗan acaɓa. Yau unguwar Agla, gobe Placodji wajen masunta, duk inda aka ce yara na wasa, ko da kwandon nasu tsohon bokiti ne da aka fasa wa gindi. Ya sami gefe ya tsuguna, ya tura hularsa ƙeya.

Abin da ke ba mutane haushi da shi, ba ya kallon ƙwallo. Idon kowa na kan mai jefawa, nasa na kan sauran. "Ƙwallo ɗaya ce, mutum goma ne a fili," in ji shi. "Taran nan da ba su da ita, me suke yi?" Yana duba wanda ke komawa baya da gudu in an ƙwace ƙwallo, da wanda ke tsayawa yana yi wa alƙali gardama. Yana duba yaron da aka fitar aka zaunar a benci, ko zai tafa wa wanda ya maye gurbinsa ko zai rufe kai da tawul. Kuma ba ya zuwa neman sabo sai ya gama duba na gida. "Kafin ka tafi kasuwa, leƙa tukunyarka," haka yake cewa. Ba ya yarda a watse ƙungiya don an yi shekara mara kyau. Kullum yana barin dattijo ɗaya a cikin 'yan wasa, ko ƙafarsa ta yi nauyi, don a sami mai tsawata wa yara in kai ya yi zafi.

Sai ga shekarar da muka zo na ƙarshe. Ƙungiyoyin gasarmu suna da yarjejeniya a tsakaninsu: a lokacin hutu ana tara matasan da suka fito daga sansanin horo, kowace ƙungiya ta ɗauki nata bi da bi, kuma wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓa. Ke nan kunyarmu ce ta ba mu hannun farko. Amma Alhaji Rafiou, shugaban ƙungiya kuma mai filin, ya faɗa a bainar jama'a cewa in aka sake zuwa na ƙarshe aka sauko da mu daga babbar gasa, ya cire hannunsa, filin kuma masu taya sun daɗe suna roƙonsa. Mahamoud ya san da haka. Ya san zaɓi ɗaya ne a hannunsa, kuma filin da yake sharewa kowace asuba a kansa yake rataye.

Ga unguwa kuwa, babu abin tunani. Abdoul-Wahab ɗanmu ne, a gabanmu ya yi tsawo har ya fara sunkuyawa a ƙofar masallaci. Tela ya riga ya ɗinka masa rigar ƙungiya, ya ce yadin da ta ci ya isa labule. An ɗauko makaɗa. Ranar zaɓe Zongo ta cika zauren da ake taron, mata da ashobi, samari da usur. Aka kira Shahon Zongo. Mahamoud ya miƙe, ya gyara hula, bai dubi kowa ba.

"Mun ɗauki Nourou na Placodji."

Makaɗin da ya riga ya ɗaga gula ya tsaya da ita a sama. Nourou ɗin nan ɗan masunta ne, in ya tsaya kusa da Abdoul-Wahab kansa a hammatarsa yake. Ƙungiyar Cadjèhoun, da ke bi mana a layi, ba ta ko bari an gama tafin da ba a yi ba, ta ɗauke dogon.

"Mahamoud!" in ji Alhaji Rafiou, yana riƙe da hannun rigarsa a waje. "Raƙumi aka kawo maka har gida ka ce kai ɗan akuya kake so? Ko idon ne ya fara?"

"Alhaji, masu jefawa uku gare mu. Kowannensu in ƙwallo ta shiga hannunsa sai ka ce gadon ubansa ce. Ba mai jefawa muka rasa ba, mai ba su muka rasa."

"To da dogon da mai ba sun, wa ke cika fili da 'yan kallo?"

"Wanda ya ci wasa, ranka ya daɗe."

"In muka faɗi, ni da kai za mu sayar da taya."

"Na iya ɗaga taya, Alhaji."

Daga ranar Mahamoud ya sha tsangwama. A teburin shayi in ya zo sai a ce, "A ba shi da madara, ai yanzu mutumin Cadjèhoun ne." Samari suka sa masa suna Dillali. Ya ci gaba da shara, ya ci gaba da hawa zemijan, ya riƙe 'yan wasan bara kusan dukkansu duk da ana ta kiran a kore su.

Amma jama'a, ku zo ku ga Nourou! Yaron da ya tashi yana jan koma da 'yan uwansa a bakin teku ya san ba mai jan igiya shi kaɗai. Ƙwallo ba ta ɗumi a hannunsa. Yana kallon gabas ya aika ta yamma, masu jefawan nan uku da a da ba sa ga maciji da juna suka wayi gari kowa na samun rabonsa a inda yake so. In abokan hamayya suka taho, sai ya manne wa gwaninsu kamar ƙaya a zane. Ba mu zama zakaru ba, kada in yi ƙarya. Mun ci, an ci mu, har aka zo wasan ƙarshe da ƙungiyar Agla, wanda in muka faɗi shi ke nan.

Ina wurin, da kujerata ta roba da lemata. Ana saura ƙiris a tashi suna gabanmu da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ga ƙwallo a hannunsu. Sai Nourou ya shiga tsakanin mutum biyu kamar kifi a raga, ya fizge ta, ya ruga. Kwando a gabansa, ba kowa. Duk Zongo ta miƙe tana ihu, "Jefa! Jefa!" Ni ma da tsufana na ce jefa. Amma ya ga wani ƙato ya taso masa ta baya, sai ya sake ta gefe ba tare da ya waiwaya ba, ta faɗa hannun ɗan wasanmu da ke tsaye shi kaɗai a kusurwa, ya jefa. Ta tashi, ta yi baka, ta shige ba ta ko taɓa ƙarfe ba. Wayyo daɗi! Lemata har yau ban san wanda ya tafi da ita ba. Alhaji Rafiou ya rungume koci, aka ɗaga Nourou sama. Mahamoud yana can gefe yana tattara tawul.

Kuna tsammani maganar ta mutu? Ina! Shekarar farko Abdoul-Wahab bai buga wa Cadjèhoun ko wasa ɗaya ba, aka ce ai sun saye shi ne don kada mu samu. Shekara ta biyu ya fito, ya zo har filinmu ya dinga dunƙula ƙwallo a kwandonmu kamar mai zuba malmalar tuwo a kwano, aka ce to ga abin da Dillali ya sayar. Ko ta ina aka juya, Mahamoud ne mai laifi.

Na fara da Alhaji Rafiou. Ya ce, "Madam, ban ga komai da idona ba, kuma ya tsirar mini da ƙungiya. Amma da ya ɗauki dogon, wa ya sani?" Na je wurin Mahamoud, na same shi da tsintsiya. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce, "Mama, abin da na gaya wa Alhaji gaskiya ne." Na ce na koyar da yara da yawa, na san fuskar mai faɗin rabin gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "Sauran rabin ba nawa ba ne."

Sai na ce to na wa ne, in ba na uwar yaro ba? Na sami Shafa'atu tana juya wagashi a mai. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta rage wuta, ta jawo mini kujera.

"Mama, na gaji da riƙon maganar nan. Ana saura kwanaki a yi zaɓe ya zo nan, ya tsaya inda kike. Ya ce, 'Shafa'atu, yaronki in ya zauna tahiya a sahu ba ya iya naɗe ƙafar dama, miƙe ta yake yi gefe. Na daɗe ina bayansa a masallaci.' Na kira yaron, ya yi ta musu, daga baya ya fashe da kuka. Ashe gwiwar ta daɗe tana kumbura, yana ɓoyewa don kada a ƙi ɗaukarsa."

"To me ya hana Mahamoud ya faɗa?"

"Ya faɗa wa wa? A Zongo? Kafin la'asar an sa masa gurgu, ba ƙungiyar da za ta dube shi. Ya ce mini, 'In muka ɗauke shi, ba mu da likita, filinmu siminti ne, kuma muna cikin tsoron faɗuwa. Za mu sa shi kowane wasa daga farko har ƙarshe, ni kaina ba zan iya hanawa ba. Shekara ɗaya zai yi mana ya gama yawo.' Da izinina ya je ya sami kocin Cadjèhoun ya gaya masa komai, bai ɓoye ba. Su suna da likita da filin katako da 'yan wasan da za su riƙe su. Suka yarda su ɗauke shi, su yi masa magani, su jira."

"Ke kuma kina ji ana zaginsa?"

"Wallahi Mama, na sha cewa zan fasa ƙwai. Ya ce in bari sai yaron ya kafu. Yanzu ya kafu. Shi ma Abdoul-Wahab ya ce a faɗa. Ki rubuta, ki sa sunana."

Mahamoud, kai ne ka tsaya da zaɓi ɗaya a hannu, ga fili ga yaro, ka ƙi ka salwantar da ɗaya don ka tsirar da ɗayan. Kai ne ka ga abin da tukunya ta rasa lokacin da duk muke kallon abin da ya fi tsawo a kasuwa. Kai ne ka sha shayi da baƙar magana shekara da shekaru, amsa tana bakinka ka haɗiye. Mai ido a bayan ƙwallo, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa gwiwarka ta kai ka masallaci har ƙarshen rayuwa.

Ku kuma da za ku gaje shi, da masu ƙungiyoyin da ke shirin zaɓen bana, ku leƙa tukunyarku kafin ku fita. Ku ɗauki wanda kuka rasa, ba wanda makaɗa suka zo dominsa ba. Kada ku watse gida don fushin shekara ɗaya. Kuma yaron da ba ku da halin riƙewa, ku bar shi ya tafi inda za a riƙe shi.

Mahamoud bai sayar da kowa ba, ba a kuma ba shi komai ba. Gwiwar yaron ce ke ciwo, filinmu kuma siminti ne.