Gwaji Huɗu, Rumbu Ɗaya

A shekarar da na yi aiki a wani ƙaramin ofis a Doka, manhaja muke rubuta wa wani dillalin magunguna, mai nuna masa kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Mu uku ne: ni, da oganmu, da wata Hajiya mai zuwa daga Mando, wadda ta daɗe a aikin kafin ni.

Ƙa'idarmu, duk wanda ya taɓa manhajar sai ya saki gwaje-gwajen da muka rubuta, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar bai ɓata komai ba. Sun taru sun yi yawa, jiransu ma aiki ne.

Wata Litinin oga ya ce da ni, "Malam, ka raba su gida huɗu, su riƙa tafiya lokaci guda."

Na raba. Suka ƙare da wuri, amma ɗaya ya faɗi. Na sake saki ban canza komai ba, ya wuce, wani daban ya faɗi. Haka na yi sati biyu. Idanuna suka yi ja, wuyana ya sage. A motar komawa Rigachikun nakan jingina kai da taga, har sau biyu kwandasta ya tashe ni bayan mun wuce layinmu.

Ranar wata Alhamis Hajiya ta jawo kujera kusa da ni. Ta daɗe tana duban allon kwamfutar, sannan ta ce, "Rumbun bayanai nawa ka ba su?"

Na ce, "Ɗaya, Hajiya."

"To ai shi ke nan. Wannan kaso yana zuba lissafin katan goma na magani zai ƙirga, wancan kuma ya gama nasa yana share rumbun."

Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini a kafaɗa. Na yi kwana uku ina ware wa kowane kaso rumbunsa. Na saki, duk suka wuce. Na sake saki har sau biyar don ban yarda ba.

Oga ya leƙo ya gani, ya gyaɗa kai. "Madalla. Gobe sai ka mai da su takwas."

Na ce to, na tashi na je na wanke fuska a famfon bayan ofis.