Takalman da Suka Yi Mata Kaɗan

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kowa a unguwarmu ta Adjamé ya zama mai zargi. Mai sayen shinkafa sai ya ɗaga buhu ya ji ko an rage, mai sayen atamfa sai ya sake aunawa da hannunsa. Ni takalma nake sayarwa a kan tebur kusa da tashar mota, silifa da na roba da 'yan na mata masu tsini. Lokacin ban iya karatu ba, sai da furfura ta fito na shiga ajin manya. Amma lambar da ke ƙarƙashin takalmi na san ta, ko a juye aka nuna mini.

Matata talatin da takwas take sawa. A wannan shekarar tana ɗauke da cikin fari, kuma a wajenmu cikin fari ba a ambatonsa. Gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ta zo daga Maraɗi ta zauna da mu, ita kuma sunan da ta sa wa abin shi ne "zazzaɓin nan". Ni kuwa idan matata ta gifta sai in ɗaga kai in duba kwanon rufi, kamar mai neman inda yake yoyo. Mu uku a ɗaki biyu, kowa ya sani, kowa yana yi kamar bai sani ba.

Da ƙaramar Sallah na kawo mata takalmi ja mai kyau, lambarta daidai. Ya ƙi shiga. Ta ce a hankali ya ɗan matse ta. Na kawo talatin da tara, aka ɗan jima shi ma ya matse. Na kawo arba'in.

Nan na gano abin da ke faruwa, ko kuma na ɗauka na gano. Masu yin takalma sun fara rage roba, suna buga babbar lamba a kan ƙaramin takalmi. Na faɗa wa maƙwabtana a kasuwa, kowa ya yarda. Mai sayar da bel ya ce shi ma ya lura bel ɗin yanzu ba ya zagaye mutum. Babu wanda ya kalli tumbinsa.

Na zuba takalman uku a leda na haye gada zuwa unguwar Treichville, wajen Alhajin da nake sarin kaya a hannunsa kusa da tashar jirgin ruwa, wani dattijo Bakano mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama. Ya ɗauko tsohon kaya na bara, ya haɗa tafi da tafi da nawa, suka zo daidai. Na ce ai na baran ma zafin kwantena ya tsuke su. Ya tambayi ƙafar wa ake gwadawa, na ce wata ce a gida. Ya juya ya fuskanci bango, ya ce wa bangon Allah ya raba lafiya, sannan ya miƙo mini silifan maza lamba arba'in da uku, ya ce in gaida gida.

Gwaggo tata fassarar daban. Ta ce zaƙi ne ya taru, ta hana sukari da abarba da soyayyar ayaba, kullum tukunyar saiwoyi tana kan gawayi. Matata ta fara ɗaure kai tamau da ɗankwali saboda ciwo. Zoben azurfar da ke yatsarta ya nutse cikin nama. Wata rana ta ce tana ganin wasu ƙudaje masu walƙiya suna yawo a ɗakin. Na je na sayo maganin feshi, na fesa har Gwaggo ta gudu tsakar gida tana tari. Matata ta ce suna nan.

A gidan hayarmu akwai wata 'yar ƙabilar Bawule mai sayar da aceke, dambun rogon nan, kowa Tanti yake ce mata. Ita ba ruwanta da kunyarmu. Wata safiya ina shirin fita kasuwa ta ga matata zaune bakin famfo cikin silifan maza, fuska ta cika, ido ya kusa rufewa. Ta sauke kwanon da ke kanta, ta danna babban yatsa a ƙwaurin matata. Da ta ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna tuwo.

"Kai mai takalma," ta ce da ƙarfi, da Hausarta ta kasuwa, "matarka tana da ciki, kuma wannan kumburi ba na wasa ba ne. Asibiti, yanzu."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na duba sama, amma a tsakar gida babu kwanon rufi. Tanti ba ta jira mu ba, ta fita titi ta tsayar da taksi, ta tura mu ciki, ta ce wa direba babban asibitin Treichville.

Muna tsakiyar gada matata ta sandare, idonta ya juye, jikinta ya kama jijjiga. Na cire hulata ina yi mata fifita, iska ta fizge hular ta tagar mota, ta tafi ruwa. Direba ya ce in kwantar da ita ta gefe, kada in sa mata komai a baki. Gwaggo tana salati ta ce mutanen ruwa ne suka taɓa ta, a juya a kai ta wajen malam a Adjamé. Direba ya rage gudu, ya kalle ni ta madubi. Ban taɓa musa wa Gwaggo ko a kan gishirin miya ba.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," na ce. "Ciki ne da ita. Asibiti za mu."

Ta ɗora kan matata a cinyarta, direba ya taka mota.

A asibiti ungozoma ta tambaye ni tun yaushe ƙafar take kumbura. Na ce da ƙaramar Sallah talatin da takwas ya ƙi shiga, sai talatin da tara, sai arba'in. Ta dube ni, ta dubi silifan, ta tambayi ko an taɓa kawo ta awo. Na ce a'a. Ta yi mini faɗa da Faransanci mai sauri, abin da na tsinta shi ne jinin matata ya hau ƙwarai saboda cikin, kuma kumburi da ciwon kai da ƙudajen nan duk saƙo ɗaya suke kawowa. Suka yanke zoben, suka yi mata allura, suka ce dole a fitar da yaron a ranar duk da watanninsa ba su cika ba.

Da matata ta farfaɗo, abin da ta fara nema shayi ne. Gwaggo da hannunta ta zuba sukari, ta ɗanɗana, ta ƙara.

Kafin damina ta wuce ƙafar matata ta koma talatin da takwas, jan takalmin Sallah ya shiga ba gardama. Na koma wajen Alhaji na ce kayansa ba su da laifi, ya ce dama ya sani. Matata ta sake haihuwa bayan haka lafiya, kuma kowane ciki ni nake raka ta awo tun farkonsa, ina ambaton cikin da bakina, har 'yan kasuwa suka ce na zama Bawule.

Abin da muka rasa a wannan shekarar: takalma ƙafa biyu da aka sa aka kasa sayarwa, silifan maza da aka manta a asibiti, gwangwanin maganin feshi ɗaya, hula ɗaya, zoben azurfa ɗaya, da ɗa namiji ɗaya da bai kai ranar suna ba.