Tsohuwa Mai Raɗa wa Ɗanta Amsa

A barandar asibitin Bagudo, shekarar samun 'yancin kai, nake kallon wata tsohuwa tsugune, ƙafafunta duk faso, da gani daga iyakar Dahome ta tako. Igiya ɗaure a hannun ɗanta magidanci, ɗaya bakin a ƙugunta. Ɗalibin aikin jinya na gwada hankalinsa, don takardar da yake cikewa ce alƙali zai duba kafin ya ce a tsare shi a matsayin mahaukaci.

"Yau wace rana?" in ji ɗalibin.

Ɗan yana kallon rufi. Uwar tana matsowa bayansa, tana raɗa masa, "Laraba, Labbo. Ce Laraba."

Labbo ya ci gaba da kallon rufi. Sai ta riƙe hannun ɗalibin. "Likita, rubuta ya faɗi. Wallahi a hanya ya faɗi!"

Yau kuwa Alhamis ce. Hanya ta cinye mata kwana guda.