Daren da Burgl Ta Riƙe

Burgl Stadler ba ta taɓa kunna kyandirinta daga na wani ba. A sujadar asuba ta makonnin jiran Kirsimeti akan kashe fitilun coci, na bakin benci ya kunna nasa, ya miƙa wa na kusa, wuta ta bi layi har bango. In ta iso kan Burgl sai ta tarar an riga ta. Ashanarta na cikin aljihu, ta ƙyasta, ta kunna, ta zuba wa bagade ido. Wadda ke gefenta sai ta miƙa hannu ta gabanta, ta ba wadda ke gaba wutar. Mutanen Haslried sun daɗe da daina ganin abin.

A gidan da ke ƙasan coci aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta yi takaba. Uwarsu ta rasu ƙaninta Vitus yana rarrafe, ita ta goye shi, ita ta yi ta dukansa har ya zama mutum. Abin da ta gada wurin uwar, ban da gida da faɗa, shi ne ɗaukar Uwa.

Dare tara kafin Kirsimeti ake fito da hoton Maryamu mai juna biyu, wadda suke kira Uwa, wani tsohon zane a kan katako, yana kwana gida-gida kamar yadda ta nemi masauki a Baitalami. Da magariba mata su rako shi, a rera waƙar ƙofa, masu gida su amsa daga ciki, su buɗe. A ja carbi, a sha shayi, hoton ya kwana, washegari da magariba ya wuce gaba. Ba a ajiye shi a ƙasa. Gidajen tara ne, kowanne da darensa, ana gadonsa kamar gona. Dare na ƙarshe na gidan su Burgl ne tun zamanin kakarta, daga can hoton ke komawa coci ranar jajiberi. Ita ke rungume shi a kowace tafiya.

Gidan kan tudu, wanda Vitus ya gada wurin kawunsu, dā yana da nasa daren. Sai Vitus ya auri Ortrud, 'yar cocin Luta, wadda ba ɗarikarsu ba, bazawara kuma, mijinta na fari yana raye a wani gari. Tsohon Fada, limamin cocin na lokacin, ya cire gidan, ya ba gidan Pointner daren. Burgl ba ta tsaya wa ƙaninta ba. Ita ce ma ta riƙa wucewa da hoton ta mararrabar hanyar tudun shekara da shekaru, ba ta ɗaga kai.

Shekarar da ake magana, ƙurar injin katako ta gama cin huhun Vitus. Likita ya ce da wuya ya ga bazara. Burgl ta hau duba shi, ta tsaya a bakin ɗaki da rigar sanyinta a jiki, ta yi faɗa a kan tagar da aka bari a buɗe, ta yi faɗa a kan miyar da ta gani a kwano. Shi yana murmushi kawai.

"Yaya," ya ce, "har yanzu ke ke ɗaukarta?"

Ta ce wa zai ɗauka in ba ita ba, waɗancan ragwayen?

"Ina jin waƙar daga nan in iska ta juyo. Na manta yadda take daga cikin ɗaki."

Ta ja tagar da ƙarfi, ta sauko.

A taron zumuntar mata na wannan makon ba ta jira an gama addu'ar buɗewa ba. Ta ce bana Uwa za ta kwana a gidan tudu, kuma gidan Pointner su mayar da daren da aka ba su aro. Zilli Pointner ta ajiye saƙarta, ta ce ita ba ta san da aro ba, daren nan tun kafin a kawo ta gidan yake hannunsu, ga surukarta da cikin fari, ta ƙwallafa rai Uwa ta kwana kusa da ita. Burgl ta juya kan sauran ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce ta riga ta gayyaci dangi. Waccan ta ce hanyar tudu santsi ne da ita, gwiwoyinta ba za su kai ba. Wata daga baya ta yi ƙasa da murya ta ce ko an kai ma, wa ya san ko matar gidan ta iya waƙar.

Nan Burgl ta tashi tsaye. Ta ce wa mai gwiwa ta gan ta ranar bikin giya tana rawa a kan benci, gwiwar ba ta yi ƙara ba. Ta ce wa mai dangi danginta burodi ke kawo su, ba carbi ba. Ta ce da su aka samu a Baitalami da ko turken shanun ba za su bayar ba, sai sun tambayi Yusufu, mijin Maryamu, takardar aure. Zilli ta ce, a hankali, ai ba su ne suka yi shekaru suna wuce mararraba da kai a sunkuye ba. Burgl ta kwashi jakarta.

Ta nufi gidan Fada Emmeram, wanda bai daɗe da zuwa garin ba. Ya saurare ta har ta gaji. Ya ce shi ba shi da ja, abin da aka yi dā an yi shi, gidan Vitus gida ne kamar kowanne. Amma darare tara ne, ba zai iya ƙirƙiro na goma ba, ba zai kuma ƙwace na kowa ba. Ya ɗan juya kofinsa.

"Inna Burgl, daren ƙarshe a hannun wa yake?"

Ta dube shi kamar ya zage ta. Ta ce kakarta ta karɓi Uwa a wannan daren shekarar da sojoji suka kwana a rumbunsu, uwarta ta karɓe ta tana jinyar ajali. Ta ce yaro ne shi, bai san garin ba. Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe, sanyi na shiga.

Haka aka fara zagayen bana. Ta ɗauki hoton tana tafe gaba kamar mai zuwa kai ƙara, mata na haki a bayanta. In ana jan carbi muryarta ke danne ta kowa, kowace gaisuwar Maryamu kamar tsawa. A gidan Pointner ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Da surukar Zilli ta matso da cikinta tana hawaye ta taɓa katakon, Burgl ta kau da kai tana kallon labule.

Darenta ya zo. Tun safe ta goge kusurwar da ake ajiye hoton, ta shimfiɗa farin ƙyallen kakarta, ta gasa burodi mai busassun 'ya'yan itace. Da yake ita ce mai masauki, Loni maƙwabciyarta ce ta ɗauko hoton. Aka rera daga waje, ta amsa daga ciki ita kaɗai, ta buɗe. Loni tana miƙa mata ta raɗa mata cewa da sauran haske, mutum uku sun yarda su raka ta tudu in tana so. Burgl ta riƙe hoton, ta dubi kusurwar da ta gyara, ta dubi hanya. Ta ce su shigo, shayi na hucewa.

Washegari, ana fitowa daga sujadar asuba, ta naɗe hoton a bargo ta kama hanyar tudu ita kaɗai. Gaskiyar mai gwiwa, akwai santsi. Wani wurin da gwiwa ta hau, hoton a ƙirji, tana zagin ƙanƙara, tana zagin Zilli, tana zagin wanda ya fara gina gida a kan dutse.

Ortrud ce ta buɗe. Doguwa ce, ta tsufa, hannunta riƙe da tawul. Ta dubi bargon, ta gane.

"Za ta kwana?"

Burgl ta ce dole ta koma coci kafin rana ta take, amma za a iya shiga da ita ya gani, ya taɓa.

"To ba masauki take nema ba ke nan. Leƙe ta zo."

Burgl ta ce ba ta hau dutsen nan don 'yar Luta ta koya mata addininta ba.

Ortrud ta kira ta da cikakken sunanta. "Ba zan koya miki ba, Walburga. Daga tagar nan na koya, ina kallonku. Da magariba ake kawo ta, da mutane, da waƙa. Ya ji kin nema masa dare, jiya ya sa na yi masa aski. Ya sa na share kusurwa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sai da fitilunku suka watse ya ce in kwantar da shi." Ta gyara tawul ɗin. "Ba zan shigar masa da ragowar darenki ba. Ke dai shigo, ƙaninki ne."

Daga ciki aka ji tari, sannan muryar Vitus yana tambayar wane ne.

Burgl ta duba inda za ta ajiye hoton. Babu benci a ƙofar, babu ko kututture, dusar ƙanƙara ce ko'ina. Ta tsaya da shi a hannu. Ortrud ba ta miƙo hannu ba, ita ma ba ta miƙa mata ba. Can ta juya ta fara gangarowa.

Vitus ya rasu bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki. Burgl ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa matar nan ta hana Uwa shiga gida. Ta daina gaisawa da Zilli. Ta ce wa'azin Fada ruwa ne tsagwaro. A wurin jana'iza ma sai da ta yi faɗa da masu haƙa a kan kabarin ya karkace. Ba wanda ya tanka mata, har Loni, wadda ta san abin da aka raɗa a bakin ƙofa.

Da ƙanƙara ta narke sai aka fara ganinta a hanyar tudu da guduma da turaku a baro. Tana kafa su a gefen hanya, taku kaɗan tsakani, don a ɗaura igiya mutum ya riƙa kamawa. Wani ya ce zai taya ta, ta kore shi. Ta aika wa Fada cewa daga bana daren ƙarshe na gidan tudu ne, kada kuma ya tambaye ta dalili. Ko Ortrud za ta buɗe, ba wanda ya sani, Burgl ba ta je ta tambaya ba. Ortrud kan fito shanya ta hango ta can ƙasa tana bugu, ba ta hana ba, ba ta sauko ba.

Aikin ya fi ƙarfin shekarunta. Yau ta kafa biyu, gobe ta kwanta. Da lokacin kaka ya zo, ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya mutu, ɗanta da ke zaune a birni ya zo ya tafi da ita can. Turakun sun kai kwanar da ake fara hango rufin gidan, a nan suka tsaya. Igiyar tana rumbunta a naɗe, ba a ko kwance ta ba.