Inusa, Mai Sanyaya Ƙwayoyin Zarra

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba 12 ga Maris 2025, cikin azumi, aka bugo mini waya daga Faransa cewa ƙanena Dokta Inusa, malamin kimiyya a can, ya rasu bayan jinyar kwana shida.

Inusa, akwai abin da ban faɗa maka ba, kuma shi ke cin raina.

Shekarar da ka fara dawowa hutu, na tambaye ka aikinka. Ka ce kana sanyaya iska da laza, wani siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Ban tsaya jin sauran ba. Na shiga kasuwar Matameye na ba da labari cewa ƙanena gwanin gyaran firigo ne, wato firiji. Kafin Juma'a firigo huɗu na jingine a zaurenmu, har da na Hajiya Basira mai sayar da ƙanƙara. Ba ka ƙaryata ni ba. Ka ari kayan aiki, ka gyara uku, na huɗun ka ba mai shi haƙuri. Haka ka yi ta yi duk zuwa, shekara goma sha ɗaya, don kada yayanka ya ji kunya.

Bara muna rage shukar gero a gonarmu ta hanyar Kurni, ka sake gwada fahimtar da ni. Ka ce: "Yaya, ƙwayar zarra, wato mitsitsiyar ƙwayar da ido ba ya gani wadda da ita aka gina kowane abu, in haske ya kumbura ta, sai ta hana maƙwabciyarta tashi, kamar geron nan in ya yi cunkoso. Ni da laza nake daidaita tsakaninsu." Na ce: "To, mu dai da hannu muke yi." Ka yi dariya. Na ga kana son in ƙara tambaya, girman kai ya hana ni.

Sai a zaman makoki ɗalibanka suka yi ta bugo waya daga ƙasashe, wani yana kuka, yana cewa kai ka koya masa riƙe haske. Nan na san wanda na mayar mai gyaran firigo. Na yi alfahari da kai, Inusa, amma na makara. Ka yafe mini.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba matarka Najaha da 'ya'yanka Sadiyya da Khalifa haƙuri. Ni ma Ya ba ni.