Verlyn Cabey, Lauyar da Ta Shata Iyakar Dutse

Haihuwa da Karatu

An haifi Verlyn Cabey a shekarar 1951 a ƙauyen Fergus Hill, a gindin dutsen da ke kudancin tsibirinmu. Mahaifinta, Ezekiel Cabey, manomin dankali ne, mahaifiyarta Idalia kuwa ta rasu tun Verlyn tana goye. Bayan ta kammala sakandare ta sami tallafin karatu zuwa Barbados, inda ta nazarci shari'a, ta dawo gida a 1977.

Aiki da Iyali

A shekarar da ta dawo aka ɗauke ta lauyar gwamnati, aka ɗora mata alhakin tsara dokoki da gabatar da ƙara. A 1980 ta auri Alwyn Sweeney, matuƙin jirgin ruwa, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Shekarun Aman Wuta

A 1995 dutsen ya farka yana ruri, toka ta riƙa mayar da rana dare, jama'a na kwana da takalma a ƙafa. Gwamna ya umarce ta da ta rubuta dokar da ta haramta shiga kudu, ta rubuta, alhali ƙauyensu na cikin haramtaccen yankin.

A watan Afrilu na 1997 'yan sanda suka kama mahaifinta ya saci jiki zuwa gonarsa, kuma ƙarar ta faɗo hannunta. Tsoro biyu suka haɗe mata: ta sa a kulle tsoho ya mutu da baƙin cikinta, ko ta sake shi dutse ya ci shi.

"Baba, ka rantse ba za ka koma ba," in ji ta.

"'Yar nan, dankali ya san doka ne? Ni da dutsen nan mun saba tun ba a haife ki ba."

Duk da haka ta janye ƙarar. A watan Yuni na wannan shekarar wuta ta gangaro da rana tsaka ta shafe Fergus Hill, mahaifin nata yana cikin gonarsa. Ba a ga gawarsa ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ta ci gaba da aiki har ta yi ritaya a 2011, ba ta sake janye irin wannan ƙara ba, ko ta wane ne. Abokan aikinta sun shaida cewa ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura ta dubi kudu.

Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2019, aka yi mata addu'a a cocin Methodist, aka binne ta a arewacin tsibirin. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Delroy, Marva da Ezekiel ƙarami, dukkansu mazauna Ingila. Ita ta tura su can da hannunta, kuma sai ranar jana'izarta suka sake taka tsibirin, domin tana raye ba ta taɓa yarda ko ɗayansu ya dawo ba.